Wai taimakon mutane ma sai an yi masa digiri na biyu?

Kwanakin baya muna zaune da yamma ana hira, sai 'yar yayata ta ce ta samu gurbin karatun mastas, kowa ya ce masha Allah, a wane fanni? Ta ce soshiyal wok, wato aikin jin daɗin jama'a. Babban yayanmu da ke kishingiɗe ya tashi zaune ya dube ta ya ce, “Yanzu ke taimakon mutane ne sai kin je kin yi masa digiri na biyu? Kakarku marayu nawa ta raina a gidan nan, ko sunanta ba ta iya rubutawa ba.” Aka kwashe da dariya. Yarinya ta sunkuyar da kai tana latsa waya kamar ba da ita ake ba.

Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Sai da na koma gida abin ya fara cina, saboda na san maganar Yaya ba daidai ba ce kuma na yi shiru.

Ra'ayina shi ne kyakkyawar zuciya ba ta isa a wannan aikin. Duk wanda za a ba shi ikon shiga gidan mutane, ya rubuta rahoton da alƙali zai karanta ya yanke hukunci a kan wanda zai riƙe yaro, ko ya zauna da matar da mijinta ya ce zai kashe ta, to wannan mutumin ya kamata a horar da shi horo mai tsanani kamar yadda ake horar da nas ko lauya. Karatun mastas ɗin yana da amfani, amma da sharaɗi, kuma zan zo kan sharaɗin, domin akwai inda maganar Yaya take da ƙamshin gaskiya.

Me ma suke yi ne?

Yawancin mutane in aka ce ma'aikacin jin daɗin jama'a abin da ke zuwa musu a rai shi ne mai rabon kayan tallafi, ana ɗaukar hoto ana tafi. Ni ma haka na ɗauka, har sai da jinya ta zaunar da ni a wani asibiti na kusan sati uku.

Gadon da ke kusa da namu wani dattijo ne da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya sallame shi tun ranar Litinin amma har Alhamis yana nan, ɗansa yana zuwa ya tsaya minti goma yana waya ya tafi. Ranar Alhamis ɗin wata mata ta shigo da fayil a hannu, ba farin kaya a jikinta, ta ja kujera ta zauna daidai kan dattijon, ba ta tsaya a kansa kamar yadda likitoci ke yi ba. Labule ne kawai tsakaninmu, ta rage murya amma rabin maganar ina ji. Ta tambayi ɗan su wa ke gidan, akwai matakala kafin a kai ɗakinsa, wa zai riƙa juya shi da dare, banɗaki na ciki ne ko na waje. Ɗan yana amsawa a gaggauce, komai “ba matsala, za mu kula da shi.” Sai ta ce masa don Allah ya je ya karɓo mata wata takarda a ofishin nas. Yana fita ta matso ta ce, “Baba, katin bankinka yana hannun wa?”

Dattijon nan da kwana da kwanaki ban ji ya haɗa kalma uku ba, sai ya fara kuka.

Ni da na kwana kusa da shi fiye da mako ban taɓa kawo wannan a raina ba, ina ba shi ruwa, ina gyara masa filo, ina ganin na yi ƙoƙari. Ita a minti ashirin ta gano inda gizo ke saƙar, kuma takardar da ta aiki ɗan ya karɓo na tabbata ba ta da buƙatarta. Wannan dabarar ta raba majinyaci da ɗan rakiyarsa kafin a yi tambaya mai nauyi koyar da ita ake yi, ba daga sama take faɗowa ba.

To irin wannan ne aikin. Yaron da ake duka ko ake lalata da shi a gidansu, matar da ke zuwa asibiti kowane wata da sabon rauni tana cewa faɗuwa ta yi, saurayin da ƙwaya ta cinye, wanda ya fito daga gidan yari bayan shekara goma ba wanda ke son ganinsa, 'yan gudun hijira, naƙasassu, masu ciwon ƙwaƙwalwa, tsofaffin da 'ya'yansu ke cinye musu fansho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i a rayuwarta, kuma fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara. Likita zai ɗinke rauni, ɗan sanda zai kama mai laifi, alƙali zai yanke hukunci, amma tambayar “to gobe ina za ta kwana, yaran fa, makarantarsu fa” tana kan teburin wani ne daban.

“Ai zuciya ce, ba takarda ba”

Wannan ita ce hujjar Yaya, kuma ita ce hujjar mafi yawan mutane. Amsata ita ce kyakkyawar zuciya ta sha yin ɓarna, kuma ɓarnarta ta fi wuyar ganewa saboda mai yinta yana kwana da murna.

Ɗauki gidan marayu. Duk mai tausayi da ya samu kuɗi abin da ya fara zuwa masa shi ne ya gina gidan marayu, ya sa gadaje a jere, ya yi fenti mai kyau. Wa zai ce wannan ba alheri ba ne? Amma ƙungiyoyin da ke aiki a kan yara sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su can ba maraici ba. Wato gidan ne ke jawo yaran daga hannun iyayensu, uwa ta ga can akwai abinci da makaranta sai ta miƙa ɗanta tana kuka. Kuɗin da aka kashe a ginin da an tallafa mata da kaɗan daga ciki da yaron yana gabanta.

Kuma an gwada abin a zahiri. Bayan faɗuwar shugaba Ceausescu a Romaniya a 1989 duniya ta ga yara sama da 100,000 a jibge a gidajen gwamnati. A shekarar 2000 wasu masana suka fara bibiyar yara 136 a birnin Bukares, rabi aka mayar da su hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka kai cikin iyali, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi sauran kaifin ƙwaƙwalwa da iya shaƙuwa da mutane. Jariri yana buƙatar mutum guda da zai san kukansa, masu aikin canji da ke zuwa da safe su tafi da yamma ba za su iya ba shi wannan ba ko da kuwa dukkansu mutanen kirki ne. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 a kan riƙon yara suka ce talauci shi kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba. Kakarmu da Yaya ke misali da ita, in ka lura, ai a cikin gidanta ta raini marayun nan, a ɗakinta. Abin da ta yi da basira shi ne abin da bincike ya zo ya tabbatar. Matsalar ita ce ba kowa ne kakarmu ba, kuma ba za a gina tsarin kula da miliyoyin yara a kan fatan a dace da irinta ba.

Ga wani misalin da ya fi kusa. Ƙawarki ta ce miki mijinta yana dukanta, abin da zuciya za ta ce shi ne “tattara kayanki ki bar gidan yau ɗin nan.” Wanda aka horar ya san cewa lokacin da mace take ƙoƙarin fita, da 'yan watannin da ke biyo baya, shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari, a nan ne ake yawan kashe su. Don haka ba zai ce mata fita kawai ba, zai zauna da ita su tsara, ina takardunki da na yara, wa za ki kira, wace ƙofa, yana duba wayarki ko ba ya dubawa, ya taɓa shaƙe miki wuya. Wannan tambayar ta ƙarshe ba ta banza ba ce, shaƙe wuya na daga cikin manyan alamun cewa abin zai iya kaiwa ga kisa. Ni kafin in karanta ban sani ba, kuma ina ganin kaina mai tausayi.

Haka yaron da aka yi wa fyaɗe. Gwaggo ta tambaye shi, kawu ya tambaye shi, maƙwabciya ta tambaye shi, kowa yana cewa “wane ne ko? faɗi gaskiya, shi ne ko?” Kafin a kai ga kotu yaro ya maimaita labarin sau goma, ya ruɗe, maganar manya ta shiga cikin tasa, lauyan wanda ake tuhuma ya wargaza shaidar cikin minti biyar. Garin neman gira an rasa ido. Akwai yadda ake tambayar yaro ba tare da an sa masa magana a baki ba, kuma kwas ne guda.

Har maganar kashe kai. Da yawanmu muna tsoron tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, gani muke kamar za mu sa masa ra'ayin. Bincike ya nuna ba haka ba ne, tambayar ba ta ƙara haɗarin, sau da yawa ma sauƙi mutum yake ji an ba shi ƙofar magana. Amma iya yin tambayar ba tare da muryarka ta yi rawa ba, da sanin abin da za ka yi in ya ce maka eh, wannan sai an gwada ka an sake gwada ka.

Gardamar ta girmi Yaya

Abin dariyar shi ne wannan musun an yi shi tun kafin a haifi kakanninmu. A Landan a 1869 aka kafa wata ƙungiya don tsara yadda ake ba da sadaka, matan masu hali suna zagaya gidajen talakawa suna tantance wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba, da zuciya ɗaya suke yi amma da raini a ciki. Wata Ba'amurkiya, Jane Addams, ta ɗauki wata hanyar, a 1889 ta buɗe wani gida mai suna Hull House a unguwar baƙin haure a Chicago ta tare a cikinsu, ta ce matsalar ba halin talaka ba ce kawai, a duba albashi da gidajen haya da aikin da ake sa ƙananan yara. A 1931 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya. Su masu aikin da kansu ne suka gane cewa niyya ba ta wadatar, shi ya sa a 1898 aka fara wani kwas na sati shida a New York, wanda daga baya ya zama makarantar soshiyal wok ta Jami'ar Columbia.

A 1915 suka gayyaci Abraham Flexner, mutumin da rahotonsa na 1910 ya gyara karatun likitanci a Amurka, ya zo taronsu ya faɗa musu ko aikinsu sana'a ce ta ƙwararru. Ya tsaya a gabansu ya ce a'a. Wato dai maganar Yaya ce, da turanci da kwat. Bayan shekara biyu ɗaya daga cikin masu aikin, Mary Richmond, ta fitar da littafinta a kan yadda ake binciken halin da mutum ke ciki, yadda ake tara bayani daga iyali da makaranta da wurin aiki a auna shi kafin a ce ga matsalar. Tun daga nan ake ta gini.

To digirin farko bai isa ba?

Nan ne nake ɗan sassautowa. Ga ayyuka da yawa digirin farko ya isa, wani lokacin ma difloma ta isa. Kuma akwai wata cuta da ta kama duniya ta tara takardu, aikin da jiya ake yi da satifiket yau an ce sai mastas, gobe a ce sai dakta, alhali aikin bai canja ba. In don a ƙara haruffa a bayan suna ne to Yaya ya yi gaskiya.

Kuma akwai hujja mai ƙarfi a ɓangarensa da shi bai ma sani ba. A Harare ta Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata, kakanni, su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, abin da a harshen Shona suke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Aka gwada tsarin a kimiyyance aka buga sakamakon a 2016, waɗanda suka zauna da kakannin nan sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Ba mastas, ba digiri. Amma a duba da kyau, wani ne ya tsara abin da za su faɗa a zama shida, wani ne ya koya musu, wani ke zama da su yana bin aikinsu, kuma akwai wanda suke miƙa wa mutum in suka ga abin ya fi ƙarfinsu. Wannan wanin shi ake nema da karatu mai zurfi. Kakanni dubu suna buƙatar mutum hamsin da suka san abin da suke yi a bayansu.

Abin da ya bambanta mastas na gaske da na bogi shi ne aikin fili. A Amurka hukumar da ke tantance waɗannan makarantu ba ta amincewa da mastas sai ɗalibi ya yi aƙalla awa 900 yana aiki a asibiti ko makaranta ko kotu ko gidan yari a ƙarƙashin wani ƙwararre, digirin farko kuma awa 400. Wanda ke son lasisin duba masu matsalar ƙwaƙwalwa shi kaɗai sai ya ƙara kamar shekara biyu ana sa masa ido bayan ya gama, sannan ya zauna jarrabawa. A Ingila kwana 200 ne na koyon aiki, kuma tun 2005 laifi ne mutum ya kira kansa soshiyal woka in ba shi da rajista. Karatun kansa yawanci shekara biyu ne, wanda ya yi digirin farko a fannin a wasu wuraren yakan gama a shekara ɗaya, kuma ƙofa ce ga wanda ya karanta wani abu daban, malamin makaranta ko nas ko wanda ya yi shari'a, ya shigo.

A cikin awannin nan ne ake koyon abin da lakca ba ta koyarwa. Ka rubuta duk abin da aka faɗa a zama, kalma da kalma, har da abin da ka ji a ranka lokacin, ka kai wa sufabaiza ta bi layi layi tana tambayarka me ya sa ka katse shi a nan, me ya sa da ta ambaci mahaifinta ka canja magana. A nan mutum yake gano cewa yana jin haushin mashaya saboda wani nasa, ko yana saurin yarda da mai tsafta da iya magana. A nan ake koyon riƙe sirri da kuma inda sirri yake ƙarewa, domin in mutum ya ce maka zai kashe wane, ba za ka ce amana ce ka yi shiru ba.

Sharaɗin da na ce zan zo kansa ke nan. Mastas ɗin da aka yi shi a aji kawai, a haddace sunayen masana a rubuta projet a karɓi takarda, ba a taɓa zama gaban mutum mai kuka ba, wannan bai cancanci kuɗin motar zuwa ba. Akwai irinsu da yawa kuwa.

“Masu raba uwa da ɗa ne”

Wannan zargin ban ji shi a gidanmu ba amma shi ne ya fi nauyi, kuma ba ƙarya ba ne. A Ostireliya an shafe shekaru, tun daga wajen 1910 har zuwa 1970, ana ƙwace 'ya'yan 'yan asalin ƙasar ana kai su gidajen gwamnati da na turawa da sunan ceto su, sai a 2008 firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. A Kanada an yi irinsa a shekarun 1960, dubban yara. A Amurka kafin dokar 1978 da aka yi don magance wannan, bincike ya nuna kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na 'ya'yan 'yan asalin ƙasar an raba su da gidajensu. Ma'aikatan jin daɗin jama'a na cikin waɗanda suka sa hannu a takardun nan, wasunsu da digirinsu. Sun shiga gida sun ga yara shida a ɗaki ɗaya, kaka ce ke riƙonsu, suka rubuta sakaci, alhali abin da suka gani talauci ne da kuma tsarin iyali da ba irin nasu ba.

To wannan ba ya rusa maganata? Na yi ta juya shi. Abin da na tsaya a kai shi ne, ikon nan yana nan ko an yi karatu ko ba a yi ba, dole wata rana wani ya yanke shawarar ko a bar yaro a gidan ko a ɗauke shi. Tunda haka ne gara wanda aka zaunar aka karanta masa wannan tarihin har ya ji kunya, aka koya masa zargin idonsa. Gyaran ma daga cikin irin wannan karatun ta-natsu ya fito, a New Zealand dokar 1989 ta ɗauko tsarin mutanen Maori ta mayar da shi doka, kafin a yanke komai a kan yaro sai an tara dangi an ba su bayani an fita an bar su su kawo mafita, ƙasashe da dama sun kwaikwaya.

Sannan akwai ɗaya gefen. A watan Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas da aka kawo daga Kwaddibuwa ta mutu a Landan a hannun 'yar uwar kakanta da saurayin matar, an ƙirga rauni 128 a jikinta. Ofisoshin jin daɗin jama'a sun san da ita, asibitoci biyu sun gan ta, 'yan sanda sun san da ita. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya nuna sau da dama da za a iya ceton ta aka bari ya wuce, ana ta yarda da bayanin matar, ba wanda ya zauna da yarinyar ita kaɗai ya yi mata magana yadda ya kamata. Ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗinta sabuwa ce a aiki, fayiloli sun yi mata yawa, na sama da ita kuma ba sa duba ta.

Ka ɗauke yaro a ce ka raba uwa da ɗa, ka bar shi ya mutu a ce ina kake. Gaba kura baya sayaki. Mutumin da za a tura tsakanin nan a ce masa zuciyarka ta ishe ka, an zalunce shi kuma an zalunci yaron.

Maganar kuɗi

A nan kam ba ni da abin kare kowa. Kusan ko'ina a duniya albashin bai kai wahalar ba, wanda ya yi shekara biyu a mastas na kasuwanci ko kwamfuta zai ninka mai wannan aikin a albashi. Aikin filin da na gama yabo yawanci kyauta ake yinsa, ɗalibi yana biyan kuɗin makaranta kuma yana aiki kwana uku a sati ba ko sisi, wanda hakan ke nufin 'ya'yan talakawa, waɗanda suka fi kowa sanin matsalolin daga ciki, su ne suka fi shan wuyar kammalawa. Wannan rashin adalci ne kuma makarantun sun sani.

Ga gajiya. Mutum ya wuni yana jin labarin fyaɗe da duka da yunwa, ya dawo gida 'yarsa ta rungume shi ya ji gabansa na faɗuwa, ga fom da rahoto da ke cin rabin ranar, ga fayil arba'in a kan tebur da aka yi don goma sha biyar. Da yawa suna barin aikin bayan 'yan shekaru, kuma galibi masu zuciyar ne ke fara ƙonewa, saboda ba su iya ajiye aiki a ofis ba, suna ba da lambar wayarsu, suna cire kuɗin aljihunsu, sai a wayi gari ba su da abin bayarwa. Sanin iyaka ma darasi ne a cikin kwas ɗin.

Don haka da yarinyar ta kira ni bayan kwana biyu, ban ce mata ki je Allah zai ba ki lada kawai ba. Na ce kada ta ci bashi mai nauyi saboda wannan karatun. Na ce ta tambayi makarantar awa nawa ne aikin fili, su ke nemo wurin ko ita za a bari da yawo, wanda zai duba ta ya taɓa yin aikin da hannunsa ko a littafi ya sani, kuma takardar tana ba da damar yin rajista a inda take son aiki ko ba ta bayarwa. Na ce in ta ji ana in-ina a amsar farko ta nemi wata makarantar. Sannan na ba ta haƙuri a kan dariyar, ta ce “haba Kawu, ai ba komai,” da irin muryar da ke nuna akwai komai.

Yanzu ta fara. Makon jiya ta turo min hoton rahotonta na farko bayan ta rufe sunaye, sun je gidan wani yaro da ya daina zuwa makaranta, ita aikinta ta zauna ta rubuta. A wani layi ta rubuta cewa uwar ba ta damu da yaron ba. Sufabaizarta ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar, ta rubuta a gefe, “Me kika gani da idonki?” Ta ce min ta zauna ta yi ta tunani, abin da ta gani shi ne matar ba ta ɗago kai ba duk tsawon zaman, tana ta ninke kaya. Da suka koma karo na biyu ashe aikin dare take yi, ranar ba ta runtsa ba, yaron kuma shi ke zama da ƙannensa biyu in ta tafi.

Na nuna wa Yaya hoton. Ya sa tabarau ya karanta, ya daɗe yana kallon jan biron, ya miƙo min wayar ya ce shi dai har yanzu da lauya ta karanta.